Kwanon Baba

Daga Wara aka kawo ni Yelwa amarya, lokacin muna jihar Sakkwato. Ni ɗiyar masunta ce, kuma a gidanmu miyar da ba ta sa hanci yoyo ba, ba ma kiranta miya. Ranar da na fara girki kuwa na zage, na yi miyar giwan ruwa, man ja na iyo a sama, barkono kamar ba da kuɗi aka saye shi ba.

Surukina, Baba, tsohon maɗinki ne. Kunya ba ta barin in tsaya gabansa, balle in tambaye shi ko abinci ya yi. Kwanonsa kawai nake jira ya dawo daga zaure. Matan gidan ma shi suke jira, don a nan ake gane ko amarya ta iya. Ya dawo tas, kamar an wanke. Wayyo daɗi! Na ce ashe tsohon nan irin namu ne. Washegari na ƙara barkono, kwano ya dawo tas, ni kuwa na sake ƙarawa.

Ina dai jiyo shi yana gyatsa yana istigfari, ina ganin ana kai masa ruwan kanwa. Na ɗauka duk tsufa ne.

Ran nan Inna, uwar mijina, ta iske ni ina daka attarugu. Ta riƙe taɓaryar.

"Ke ɗiyar ga, kashe mini miji za ki yi? Ƙwannafi gare shi! Tuntuni malamin asibiti ya hana shi yaji da maiƙo. Tun zuwanki zaune yake kwana, wuta na taso mai har maƙoshi."

Na ce, "To Inna, ai cinyewa yake yi!"

"Awo, cinyewa yake. Mun ce a faɗa miki, ya hana. Ya ce yarinya ta baro uwatta can Wara, in kwanonta ya dawo da saura, dariya za a yi mata."

Na saki taɓaryar. Wallahi ban taɓa jin tausayin mutum haka ba.

Ranar miyar kuka na yi masa, ba yaji ba mai, na aika tun kafin magariba. Da safe Inna ta leƙo ɗakina.

"Ya ce a gaishe ki. Jiya kwance ya kwana."

Na ja labule na yi kukana.