Birki a Gefen Alhaji

Ranar da maigidana ya yaye ni daga koyon kanikanci ba a yi wani biki ba. Bayan la'asar ya tara mu a rumfar garejinsa da ke bayan Ƙofar Marusa, aka sayo lemo, wani malami maƙwabcinsa ya yi addu'a aka shafa. Sannan ya miƙo mani akwatin ƙarfe cike da sifanu, wasu sababbi, wasu daga cikin nasa waɗanda hannu ya riga ya goge. Ya ce da garejin yana da aikin da zai riƙe manya biyu da bai sake ni ba, amma ai na san yadda wurin yake. Na sani kuwa. Akwai ranakun da mota ɗaya ce ke shigowa, mu taru a kanta gaba ɗaya.

Gidanmu gidan ma'aikata ne. Baba malamin ofis ne har ya yi ritaya, yayyena maza kuma suna fita da safe da kaya masu guga su dawo da su yadda suka fita. Ni kaɗai nake dawowa da baƙin mai a ƙarƙashin farce. Ba wanda ya taɓa yi mani gori a kai, sai dai ba wanda ya san yadda ake samun aiki a sana'ata. Da na shigo da akwatin, Inna ta ce in bar shi a zaure kada ya ɓata mata tabarma, sannan ta tambaye ni inda zan fara. Na ce ina nema.

Neman ya yi tsawo fiye da yadda na zata. Na bi wuraren gyaran da ke kan hanyar Batagarawa ɗaya bayan ɗaya. A wani babban wuri mai daɓen siminti, mai shi ya tambaye ni ko na iya aiki da na'urar da ake jona wa mota ta nuna inda matsalar take. Na ce na ga ana yi, amma a wurinmu da kunne da hannu muke ganowa. Ya karɓi lambar wayata cikin mutunci, bai kira ba. Wani ya ce in zo in fara da wanke kayan inji, in ya ga hannuna sai a yi magana, wato in koma ɗan koyo. Wani mai manyan motoci yana son wanda zai riƙa bin direbobinsa zuwa kudu. Inna ta ce ba ta yarda ba, ni ma ban matsa ba.

A tsakanin nan unguwa ta gano akwai makaniki zaune a gida. Aka riƙa kawo mani janareto da injin markaɗe, har da keken ɗinki. In gyara a zaure, a sa mani albarka a tafi.

Babbar yayarmu malamar makaranta ce, tana aure a Kambarawa. An mayar da ita wata makaranta a Batagarawa, zirga-zirga ta ishe ta, mijinta ya sayo mata 'yar ƙaramar mota ya ajiye a tsakar gida, ya ce ba za ta taɓa ba sai ta koya. Shi ne ta shiga wata makarantar koyon tuƙi. Wata safiya ta kira ni.

"Auta, kana ina?"

"Ina gida, Yaya."

"Ɗauko kayanka ka zo hilin da muke koyo. Mota ta ƙi shiga giya, kuma Alhaji mai makarantar ya ce makanikinshi ya tahi Kaduna bai dawo ba."

Filin ƙwallo ne da ba a amfani da shi sai da yamma. An jera tsofaffin tayoyi a tsakiyarsa don masu koyo su riƙa zagayawa. Motar ja ce, tsohuwa, da alamar ɗan koyo gaba da baya, kuma babu gefen jikinta da ba shi da tabo. Alhajin da ke da makarantar siririn dattijo ne, tsohon direban gwamnati. Da ya ajiye aiki sai ya buɗe wurin da motoci biyu, shi yana koyarwa da jar, ɗan ƙanensa da farar.

Na durƙusa muka gaisa. Ya tambayi gidanmu, na faɗa masa, ya ce ai ya san Baba, ya sha ɗaukarsa zuwa rangadi. Sai da ya tambayi lafiyar kowa a gidan, har da wani kawuna da ya daɗe da rasuwa, ya yi masa addu'a, sannan ya nuna mani motar.

Wayar kuloci ce ta tsinke. Na hau mashin na sayo wata na ɗaura. Ba aiki ne mai wuya ba. Alhaji ya tsuguna yana kallo. Da na gama ya shiga ya zaga filin, ya dawo ya fito, ya buɗe ƙofar gefen mai zaman banza, inda yake zama in yana koyarwa. Ya nuna wajen sa ƙafa.

"Kana iya sa mani birki nan?"

Ban fahimce shi ba sai da ya yi bayani. Tun da ya buɗe makarantar, birkin hannu yake ja in ɗalibi ya nufi inda bai kamata ba, har kafaɗarsa ta fara ciwo. Ya taɓa ganin mota mai birki a gefe biyu lokacin da aka tura su wani kwas, amma makanikinsa ya ce sai dai a sayo daga waje.

Na ce, "Ban taɓa yi ba, Alhaji. Ban ma taɓa gani ba."

Ya ce, "Ka duba dai. In ba shi yiwuwa ka hwaɗa mani."

Na kwanta a ƙasan sitiyari na daɗe ina kallo. Abin da na yanke shi ne a samu sandar ƙarfe ta ratsa daga birkin direba zuwa ɗaya gefen, da abin takawa a ƙarshenta, yadda in an taka can na nan ma zai sauka. Na kai motar wurin wani mai walda da na sani tun ina ɗan koyo. Sandar farko ta yi siriri. Alhaji ya taka ta da ƙarfi sau ɗaya, ta murɗe. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce in sake. Ta biyun a wurin 'yan gwangwan na samo ta, daga jikin wata matacciyar mota. Ita ta zauna. Na shafa mata girisi sosai har ta zama ko motsinta ba a ji, kuma wannan shirun shi ne abin da ya fi burge ni a aikin.

Alhaji ya gwada a fili, ɗan ƙanensa yana tuƙi shi yana takawa. Da suka tsaya ya ce mani, "Gobe ka zo da wuri, hwarar ma tana son irin shi."

Ba a taɓa ce mani an ɗauke ni aiki ba. Na gama da farar, sai aka ce tunda ina nan in duba madubin da wata ɗaliba ta karya. Washegari wani abu ya sake tasowa. Tsohon makanikin ya aiko cewa ya samu wuri a Kaduna. Ƙarshen wata Alhaji ya kira ni gefe ya ba ni abin da ya ba ni, daga nan ya zama al'ada. Da Inna ta sake tambaya, na ce mata ina makarantar tuƙi. Ta ji kalmar makaranta, ta ce to madalla.

Motar koyo ba ta lalacewa irin ta sauran mutane. Injinta lafiya lau yake, don ba ta zuwa ko'ina. Kuloci ne ke ƙonewa, giya ta sha wahala, madubai da fitilu su yi ta karyewa. Mafi yawan lokaci ina zaune ne a kan benci a ƙarƙashin wata darbejiya a bakin filin, akwatina a gefe, ina kallon motocin suna zagaya tayoyi, su mutu a tayar, su zabura su sake mutuwa. Har na kai ko ban ɗaga kai ba ina gane wanda ke tuƙi daga kukan injin. Ɗaliban yawancinsu manya ne: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, 'yan kasuwa. Mutanen da ake tashi a gaishe su a wurin aikinsu, a nan sai ka ga zufa ta jiƙa su saboda an ce su yi ribas tsakanin tayoyi biyu.

Yaya ta gama ta karɓi lasisi. Ranar farko da ta fita da motarta ta je Batagarawa lafiya ta dawo lafiya, sai a ƙofar gidanta ta daki ginshiƙin get. A hankali ta dake shi, fitila ɗaya ce ta fashe. Ta kira ni. Ina kwance fitilar tana tsaye a kaina.

"Ka san laihin birkin nan naka ne?"

Na ce wane birki, na motarta ai ban taɓa shi ba.

"Na motar Alhaji. Da, in na yi kuskure shina jan na hannu, in ji ƙara, in san ban yi daidai ba. Tun da ka sa wannan, kullum mota tana tsayawa inda ya kamata. Ni kuwa na ɗauka ni ce. Yau na taka yadda na saba, ba ta tsaya ba."

Ban yi mata gardama ba. Washegari na faɗa wa Alhaji yadda ta ce, muna zaune a bencin kafin ɗalibai su iso. Na zaci ransa zai ɓaci.

Sai ya ce, "Tana da gaskiya. Ƙahwata tana riga ni, ni kaina ban san na taka ba. Ka sa shi ya riƙa ƙara."

Na fara da goge girisin, amma ƙarar ba ta da tabbas, yau ta yi gobe ta ƙi. Daga baya na samo jan ƙwan fitila ƙarami irin na mashin, na kafa shi a gaban direba, na haɗa wayarsa da abin takawar Alhaji. Ko yaya ya ɗora ƙafa, sai ya kama.

Ɗalibai ba su so ƙwan nan ba. Akwai wani attajirin ɗan kasuwa, ya kusa sa'ar Alhaji, wanda duk rayuwarsa direba ke tuƙa shi, sai da girma ya zo ya ga yana son ya iya kai kansa masallaci da asuba. Shi ya fi kowa rigima da ƙwan. Ya same ni a benci ya ce, "Malam makaniki, abin nan naka ya lalace, haka nan yake kamawa ba dalili." Na duba a gabansa, na ce lafiyarsa lau. Washegari ya zo da hankici ya rufe shi. Alhaji ya miƙa hannu ya cire ya ninke ya mayar masa, suka ci gaba. Kusan kullum sai an yi haka, har ranar da ya zaga filin gaba ɗaya ƙwan bai kama ba. Ya fito ya zo ya ba ni hannu kamar ni na koya masa.

Shi ma Alhajin ya canza. Tunda kowa yana ganin lokacin da ya taka, sai ya rage takawa. Yakan bar ɗalibi ya hau kan taya in dai ba wani abu zai faru ba, wanda hakan ya ƙara mani aiki. Ya kuma aika aka kira Yaya ta dawo ta ƙara wasu kwanaki, bai karɓi komai a wurinta ba.

Na yi damina biyu a wurin. Waɗanda suka gama suna sayen motoci, kuma makanikin da suka sani shi ne wanda suke gani a ƙarƙashin darbejiya. Suka fara kirana gidajensu da wuraren aikinsu. Matan musamman sun fi son su kira ni da su je gareji su tsaya cikin maza. Aikin waje ya yi yawa har na fara makara zuwa fili. Ina tunanin yadda zan yi wa Alhaji magana, sai shi ya riga ni.

"Ka nemi rumhwa taka," in ji shi. "Zaman bencin nan ya ishe ka. In mun samu matsala mu kawo maka can, ai ba nisa."

Na yi masa godiya. Ya ce in gaishe da Baba, ya tashi ya tafi wurin ɗalibar da ke jiransa a mota.

Na samu wuri a Kambarawa, gefen wani mai faci da ya yarda mu raba inuwa. Motocin makarantar sun ci gaba da zuwa wurina har lokacin da idon Alhaji ya yi rauni ya bar wa ɗan ƙanensa wurin. Na je gaishe shi a gida lokacin, na same shi a zaure yana sauraron rediyo, muka yi hirar unguwa da ta damina, ba mu yi maganar mota ba.

Motar da ta fara shigowa rumfata ta wata ma'aikaciyar jinya ce, tsohuwar ɗalibarmu. Yaran unguwa ne suka turo ta daga bakin titi. Ta ce tana tafiya kawai ta mutu, tana jin injin ne ya tashi aiki. Na buɗe na duba ban ga komai ba, na zagayo na kunna makulli na dubi allurar mai, na ga tana can ƙasa. Na aiki mai facin ya karɓo mana galan na fetur a maƙwabta, ita kuma na ba ta benci ta zauna.