Ranar da Aka Kira Inna Makaranta

Ina da shekara arba'in da uku na sake zama ɗaliba. Kafin nan na yi shekara ashirin ina ɗinki a zauren gidanmu a Dogon Dutsi, ina auna mutane da taki da ido, kuma ba a cika dawo mini da riga don ta matse ba. Amma duk sanda aka tashi ba da ɗinkin kayan 'yan makaranta sai a ce a kawo takardar shaidar koyo, ni kuwa daga aji shida na firamare na tsaya.

Da ɗiyata ta fari ta ce tana son shiga makarantar koyon sana'a ta garinmu, sai na raka ta rubuta suna. Mai rubutawa ya ɗago ya dube ni, ya ce cikin wasa, "Hajiya, ke fa?" Na ce ana ɗaukar masu furfura? Ya buɗe wani littafi, ya bi layi da yatsa, ya ce sashen ɗinki bai hana kowa ba. Mun fita gida uwa da ɗiya, mun dawo 'yan aji ɗaya. A hanya dariya nake yi ni kaɗai, ɗiyata tana jan mayafina tana cewa, "Mama, don Allah, mutane na kallo."

Ranar farko aka tara mu ƙarƙashin dalbejiya, sirbeyan ya fito da takarda a hannu. Shi ne mai kula da shiga da fitar ɗalibai da ladabinsu, ana kiran sa Mushe, wato Malam da Faransanci. Ina ganinsa na gane shi: ɗan maƙwabciyarmu ta da, wanda ni na ɗinka masa wandon makaranta sanda yake ƙarami. Ya yi kamar bai gan ni ba, ya shiga karanta dokoki da Faransanci yana maimaitawa da Hausa. Ƙarfe takwas za a rufe ƙofa. Ba mai shiga aji sai da shuɗiyar rigar aiki. A kashe waya. Ba cin goro a kan keken ɗinki. Kowa ya share wurinsa, ran Juma'a ya sa wa kekensa mai. Wanda ya kawo aikin wani da sunan nasa, an soke aikin. Wanda ya yi fashi ko latti ya kawo takardar shaida. Latti uku babu shaida, sai an ga uwa ko uba.

'Yan mata suna ta hamma, ni kuwa daɗi ya kama ni kamar ana karanta mini wasiƙar albishir. Shekara da shekaru ni ke kafa doka a gida, ga shi yau an kafa mini. Da ya gama na tafa. Ni kaɗai na tafa. Ɗiyata ta sunkuyar da kai tana wasa da yatsun ƙafarta cikin rairayi.

A ƙasan takardar akwai wurin rubuta sunan mai kula da ɗalibi da lambar wayarsa. A ta ɗiyata na rubuta nawa. A tawa na tsaya ina tauna biro. Maigidana direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya da gida. Na kira shi, ya yi dariya har da tari, ya ce shi mijina ne, bai haife ni ba. Sai na rubuta Inna, mahaifiyata, wadda ke zaune a Matankari, wadda ba ta taɓa taka ƙofar makaranta ba. Na ce a raina ai layi ne kawai ake cikewa.

Sati uku ina gaban kowa zuwa. Ranar lattin farko wata mata ce ta tare mu a ƙofar gida da atamfa, wai gobe suna, ta rantse ba ta tafiya sai na auna ta. Muka iso an rufe ƙofa. Sirbeyan ya buɗe, ya rubuta mu biyu a littafinsa. Na biyu kuwa akuyata ce ta tashi haihuwa da safe, ɗa ya zo da ƙafa, ni da ɗiyata muka durƙusa a garke har Allah ya sauke ta. Na yi masa bayani tiryan-tiryan.

"Akwai takardar shaida?" ya tambaya.

"Mushe, akuya ce fa. Wa zai rubuta mini?"

"To babu shaida," in ji shi, bakinsa na rawa don dariyar da yake dannewa, amma hannunsa bai fasa rubutu ba.

Na ukun ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Mun fito da wuri, ƙamshin ƙosai ya tsayar da mu, muka zauna a benci muna ci muna kwaikwayon yadda malamarmu take cewa "santimita, santimita" tana buga tebur. Muna tsakiyar dariya muka ji ƙarar ƙarfen makaranta daga nesa. Na yi gudun da rabona da shi tun ina budurwa, takalmi a hannu, rigar aiki tana tashi a bayana. Muka tarar da sirbeyan tsaye a ƙofa da takardu biyu har ya buga musu hatimi.

Ya miƙa wa ɗiyata ɗaya, ya ce, "Ki kai wa mahaifiyarki. Alhamis da safe." Ta karɓa, ta juyo, ta miƙo mini da hannu biyu har da rusunawa. Sannan ya miƙo mini tawa, ya ce, "Ke ma ki kai wa taki."

"Mushe," na ce, "ni ce fa na ɗinka maka wando."

"Na sani, Mama. Waje ke uwata ce. Nan ciki ɗaliba ce ke."

Da la'asar na kira Matankari. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi gero, na tambayi ƙafarta, sannan na faɗa mata.

"Mi kinka ce? Ni anka kira?"

"E, Inna. Amma in ba ki jin daɗi sai in roƙe su..."

"Da takarda anka kira ni? Da hatimi?"

"Da hatimi."

Sai na ji ta ɗaga murya tana faɗa wa mutanen gida cewa lakwal, wato makaranta, na nemanta a Dogon Dutsi. Ta kashe wayar ba ko sallama.

Laraba da yamma ta iso a bayan babur ɗin kabu-kabu, da ƙullin kuɓewa busasshiya da zaninta na saƙi wanda ba ta ɗaura shi sai ran biki. Ta sa ɗiyata ta karanta mata takardar sau biyu. Ranar Alhamis ita ta tashe mu, tun ba a gama sallar asuba a masallacin unguwa ba ta yi wanka, ta sa kwalli, ta zauna tana jiranmu. Mun isa makaranta maigadi bai ma zo da makulli ba.

Ofishin sirbeyan ƙarami ne, tebur ɗaya, kujerarsa, da kujerar baƙo ɗaya. Ya gaida Inna har ƙasa, sannan ya bayyana tsarin: mai kula da ɗalibi ya zauna, ɗalibi ya tsaya. Za a fara da ƙarama. Don haka ni na zauna, ɗiyata ta tsaya, Inna kuwa ta jingina da bango tana kallon kalandar da ke rataye.

"Hajiya," ya ce da ni, fuskarsa a ɗaure, "kin san ɗiyarki ta yi latti sau uku?"

"Na ji labari, Mushe."

"Kin san dalili?"

"Ina ganin abokan tafiya ne ba ta dace da su ba."

Ɗiyata ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na girgiza. Na juya na yi mata faɗa yadda ya kamata, na ce ƙosai ba ya gudu, makaranta kuwa tana rufewa, kuma kada in sake ji. Na sa hannu a littafi. Sai ya ce to, saura ta biyu. Na tashi na koma inda ɗiyata ta tsaya, Inna ta gyara zani ta zauna a kujera sannu a hankali, ta ɗora hannu biyu a gwiwa kamar mai jiran a ɗauki hotonta.

"Inna, don littafi, ki faɗi sunan ɗiyarki."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai, ɗan wa kake? Ɗiyar fari ce. Ni in hwaɗi sunanta? Ga ta nan tsaye, kana ganin ta."

Ya sosa ƙeya, ya rubuta da kansa. Ya karanta mata laifina ɗaya bayan ɗaya. Batun mai atamfa ta kaɗa kai. Batun akuya ta tambaya ko 'ya'yan sun rayu, da aka ce biyu ne kuma lafiya lau ta ce to wannan ba laifi ba ne, a goge. Ya ce ba a gogewa. Ta ce to a bar shi, amma ita ba ta lissafa shi ba. Da aka zo kan ƙosai sai ta kama haɓa.

Inna ba ta yi mini magana kai tsaye gaban mutane, kunyar ɗan fari ta hana. Sai ta juya wajen jikarta ta ce, "Ke, gaya ma waccan, tun tana ƙarama haka take. An aike ta rijiya, ta tsaya wajen mai ƙuli-ƙuli har rana ta take."

Ɗiyata ta juyo gare ni, idonta cike da hawayen dariya. "Mama, wai tun kina ƙarama haka kike."

"Gaya mata, an ba ta wuri cikin ɗiyan mutane, ta riƙe shi da hannu biyu. Ni ba wanda ya ba ni."

Wannan ɗiyata ba ta maimaita ba, don na ji da kunnena. Sai Inna ta ƙara da cewa, "Kuma gaya mata in za ta ci ƙosai ta saya ta ƙulle a leda, ta ci in an tashi. Wa ya hana ta?"

Nan sirbeyan ya kasa daurewa. Ya kifa kai a tebur yana dariya har littafin ya faɗi ƙasa. Ni ma na fashe, ɗiyata ta zube a bakin ƙofa, Inna kaɗai ta zauna ƙyam tana jiran mu gama. Da ya farfaɗo ya kawo tawada, ta dangwala babban yatsa, ta danna a littafi da ƙarfi kamar mai kashe kunama. Ta ɗaga yatsan ta duba shuɗin, ta ce kada kowa ya ba ta ruwa ta wanke.

Hukuncinmu shi ne sharar aji na sati guda da sa wa kekuna duka mai. Inna ta ce ya yi kaɗan. Ta nemi a nuna mata inda nake zama. Doka ta hana wanda ba ɗalibi ba shiga aji lokacin darasi, sai aka ajiye mata benci a bakin taga. Daga nan ta kalli darasin yanka hannun riga tun daga farko har ƙarshe. Duk sanda malama ta yi tambaya na ɗaga hannu, sai in ji gyaran murya daga taga. Da malama ta kama ni ina auna yadi da taki a ɓoye maimakon tef, Inna ta leƙo ta ce wa malamar, "Ƙara mata, ɗiyata, ni na ba ki." 'Yan ajinmu suka yi ta shewa, daga ranar kuma kowa ya koma kiran ta Kaka.

Kwana uku ta yi mana. Ta koma Matankari da takardar kiran a naɗe cikin leda, aka ce mini ba gidan da ba ta shiga da ita ba, tana nuna hatimin, tana ba da labarin yadda ta zauna a kujera ma'aikacin gwamnati yana tambayar ra'ayinta. Mu kuwa muka yi shararmu. Ni na share, ɗiyata ta sa mai, don ta ce ni ce babba a laifi. Ban sake latti ba har ƙarshen shekara. Na koyi auna mutum da santimita, ko da yake a jarrabawar awo ɗiyata ta fi ni maki, ta kuma manna takardar a jikin ƙofar ɗakina.

Wajen wata biyu bayan zuwan Inna, wayata ta yi ƙara muna cin tuwo. Ita ce. Ta tambayi 'yan akuya, ta tambayi malamar ɗinki, ta tambayi yaron nan mai littafi. Sannan ta yi ƙasa da murya.

"Ke, har yanzu ba ku sake latti ba?"

"A'a, Inna. Mun shiryu."

"Ko sau guda?"

"Ko sau guda."

Ta ja numfashi. "To madalla," ta ce, muryarta ba daɗi. "Na dai sayi sabon kallabi, shi ya sa na tambaya."