Igiyar Ragon Barira

Duk wanda ya zauna a unguwar Hausawa ta bayan kasuwar hatsi a Gadarif ta ƙasar Sudan ya san Barira mai tumaki. In bai san fuskarta ba ya san muryarta, don mace ce da Allah bai ba ta raɗa ba. Kakanta ya taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar hajji, guzuri ya ƙare masa a nan, ya ce bari ya yi noman damina ɗaya ya wuce. Damina ɗayar nan har yau ba ta ƙare ba. A nan aka haifi uwarta, Inna Mero, a nan aka haife ta, aka aurar da ita ga wani baduku mai suna Tsoho, mai ɗinkin takalma a kasuwa, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Mutane suka ce Allah ne ya haɗa, don da an ba ta mai baki irin nata da tuni jinkar ɗakin ta kama wuta.

Tumakin na Inna Mero ne tun asali. Ita ba ta barin rago ya yi yadda ya ga dama a cikin garke kamar sauran matan unguwa. Ƙanen Innar, Ishaku, wanda ke yi wa Larabawa kiwo can cikin dajin Buɗana, shi ya koya mata dabararsu da suke kira kunan. Siririyar igiya ce ake ɗaure wa rago a ƙasan ciki ta riƙe gabansa. Zai ci, zai sha, zai yi yawo da tumaki, amma ko ya hau tunkiya ba abin da zai faru sai ranar da mai shi ya kwance. Barira ta taso tana ganin igiyar, ta iya ɗaurawa, ta iya kwancewa, amma ba ta taɓa tambayar yadda ake zaɓen ranar ba. Wa ke tambaya alhali uwarsa na da rai?

A ƙarshen sanyin alif ɗari tara da saba'in ciwon ƙirji ya kwantar da Inna Mero. Saura kwana huɗu layya ta kama hannun 'yarta ta ce, "Barira, in an yi layya ki kwance wa ragon igiya. Kada ki manta." Ba ta ƙara wata magana mai tsawo ba har ta cika washegari.

Barira ta riƙe maganar nan da hannu biyu. Ranar Sallah, idonta a kumbure, ta kwance igiya. Wata biyar cif tumaki bakwai suka haihu a tsakiyar damina, ciyawa har gwiwa, hantsa cike da nono. Ta farko da ta faɗo wata 'yar tunkiya ce mai ɗige-ɗige, Barira ta sa mata suna Zabuwa. Badi aka yi layya ta kwance, haka ma badin badaɗa, garke ya haura ashirin. Sai ta ce lallai albarkar bakin uwa ce, ba kuma mahalukin da zai raba ta da ita.

To, ba wanda bai san Sallah tana tafiya ba. Barira da kanta ta yi azumi a zafi ta yi a sanyi. Amma ba ta taɓa haɗa wannan da igiyar rago ba, ko sau ɗaya! Kowace shekara layya ta matso gaba da kwana goma da 'yan kai, haihuwar tumaki ta biyo ta. Da fari 'ya'yan suka riƙa zuwa da ruwan farko, ba laifi. Sannan suka fara riga ruwan zuwa. Kafin a ce haka sun koma faɗowa a tsakiyar bazara, kuma bazarar Gadarif ba wasa ba ce. Baƙar ƙasar nan ta tsattsage har ƙafar jaki na faɗawa, ruwan sha sai an saya wurin masu jakai, ciyawa kuwa ko ta sakace babu. Tunkiya ta haihu, hantsa a yamushe, ɗan ya tsotsa ya tsotsa ya gaji ya kwanta. Barira ta ɗura masu nonon akuya da cokali, ta jiƙa buhu ta shimfiɗa masu a inuwa, duk da haka da hannunta take kai mushensu bayan gari.

Ta ce baki ne. Ta rataya wa kowace tunkiya laya, ta karɓo rubutu ta zuba a kwatarnin shan ruwa, ta yi shekara ba ta gaida wata maƙwabciya da ta taɓa cewa "ma sha Allahu" ba ta kai zuci ba. Tsoho ya taɓa gwada sa baki, ya ce, "Ni dai a ganina, da za a ɗan jinkirta kwance igiyar nan..."

"Malam, ka tsaya ga fatarka da basillarka," in ji ta. "Maganar Inna ce za a jinkirta?"

Ya tsaya ga fatarsa, bawan Allah.

Shekara takwas da rasuwar Inna, garken ya koma tumaki uku da rago. Wasu sun mutu wajen haihuwa, wasu an sayar an sayo wa sauran kara. Biyu daga cikin ukun ma saye ne. Jinin tumakin Inna ba wanda ya rage sai Zabuwa, ita kuma ta tsufa, haƙoranta sun fara zuba. In ta mutu ba ta bar 'ya mace ba, shi ke nan, abin da Inna Mero ta bari a duniya mai numfashi ya ƙare a hannun 'yarta. Wannan ne ke hana Barira jin daɗin tuwo.

A shekarar ce Kawu Ishaku ya dawo daga Buɗana gaba ɗaya, gwiwoyi sun ƙi kiwo. Ranar layya da hantsi ya dogaro sanda ya zo gaisuwar Sallah, ya tarar Tsoho na fiɗa, Barira kuwa ta durƙusa gaban ragon turke tana laluben ƙullin igiya.

"Ke, me za ki yi?"

"Barka da Sallah, Kawu. Igiya zan kwance, an yi layya."

"Yanzu? Ya salam! Miƙo hannunki. Ƙirga mini wata biyar daga yau."

Ta ƙirga, tana hura hanci. Ɗan yatsa na biyar ya faɗa tsakiyar bazara. Ta janye hannu ta ce ita ba ruwanta da lissafi, wasiyyar Inna ce, ta maimaita masa maganar kalma da kalma.

Kawu ya zauna kan turmi. Sannan ya ce, "Ranar da Yaya ta faɗa miki haka, da me kika lulluɓe ta?"

"Bargo biyu."

"To dube ni, gumi nake yi. Maza na can gonakin Simsim suna yankan riɗi. Yaya ba Sallah take kallo ba, 'yar nan, sanyi take kallo. In sanyi ya fara ɗaga ƙafa a kwance, 'ya'ya su sauka kan ɗanyar ciyawa, haka na koya mata. A waccan shekara layya ta zo daidai wurin, sai ta kama ta ta ba ki don kada makoki ya mantar da ke. Na shekara ɗaya ta ba ki, ke kika mayar da shi na har abada."

Barira ta miƙe tsaye. "Wato Kawu, ni na kashe su? Duk waɗanda na ɗauka na kai bayan gari, ni ce?"

"Biyayya ce ta yi miki yawa," in ji shi. "Ba a jefan mutum don wannan. Amma yau ki bar igiyar nan."

"Zabuwa fa? Ka ga bakinta? In na jira wata uku ta mutu mini a banza fa?"

"Tana iya mutuwa. In kika kwance yau kuwa, ita da ɗan duka bazara za ta cinye. Zaɓi."

Ba ta kwance ba. Amma kada wani ya ce da sauƙi ta bari. Ta shige ɗaki ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun ranar jana'iza, rabi na kunya, rabi na jin kamar ta juya wa uwarta baya a kabari. Naman Sallar nan ko tsoka ba ta kai baki ba.

Wata ukun nan ta yi su ne a gindin Zabuwa. Ta jiƙa mata tunkuzar riɗi har ta yi laushi, ta dama dusa da 'yar kanwa, ta daka karan dawa a turmi don bakin da ba haƙori. Maƙwabta suka ce Tsoho ya sami abin kishi, shi ko bai taɓa ganin irin wannan hidima ba. Ya ce ai shi da haƙoransa. Sau huɗu tunkiyar na neman rago, tana kaɗa wutsiya tana bin sa, sau huɗu Barira na kau da kai tana cizon leɓe. Da sanyi ya fara sauƙi, ranar da ta wayi gari ta ga ba ta nemi mayafi ba, ta aika aka kira Kawu. Ya shafa bayan Zabuwa ya ji nama ya rufe ƙashi, ya ce, "Halas, bismilla." Ta kwance.

Kwana ashirin suka wuce Zabuwa ba ta sake waiwayar rago ba. Kawu ya ce ta ɗauka. Ta ratsa bazara da ƙaramin ciki wanda bai nemi komai wurinta ba, sai da hadari ya fara haɗowa daga gabas sannan ya yi nauyi.

Wata safiya bayan ruwa, tsakar gida duk laka mai cire wa mutum takalmi, Zabuwa ta ware gefe tana tonon ƙasa da ƙafa. Ta kwanta, ta tashi, ta kwanta. Har rana ta ɗaga tana nishi, kai ya leƙo da ƙafa ɗaya tak, ɗayar ta maƙale a baya. Ƙarfin tsohuwar ya ƙare, ta miƙe wuya a laka. Ba lokacin kiran Kawu.

"Malam! Man riɗi, da ruwa da sabulu, maza!"

Tsoho ya zo a guje, santsi ya kwashe shi, ya tashi bai ko zubar da man ba. Barira ta wanke hannu ta shafe shi da mai, ta tura kan a hankali ya koma, ta laluba har ta kamo ƙafar, ta rufe kofaton da tafinta kada ya yaga uwar, ta miƙo ta. Ta jira nishi ya zo, ta ja tare da shi. Ɗan ya sulluɓo, laƙwas, ba motsi.

"A'a," in ji ta. "Wallahi a'a."

Ta share masa hanci da bakin zane, ta murza haƙarƙarinsa da ƙarfi, ta sa tsinken ciyawa a hancin. Shiru. Ta sake. Sai ga atishawa, 'yar ƙarama, kunnuwa suka karkaɗa. Zabuwa ta ɗago kai ta yi wani gurnani can ƙasan maƙoshi, ta fara lasa. Barira ta matsa hantsa, dakashi ya fito mai kauri, rawaya, har yana bin yatsunta. Sannan ne ta yi ƙarfin halin ɗaga ƙafar bayan ta duba.

"Mace ce!" Muryar nan tata ta tsallake danga uku. "Jama'a, mace ce!"

Matan unguwa suka fito da gudu, wata har da guɗa, sun ɗauka wata ce ta sauka a gidan. Suka tarar da Barira zaune daɓas cikin laka, mai da jini har gwiwar hannu, tana dariya hawaye na zuba, 'yar tunkiya na tangaɗi tana neman nono. Tsoho ya goge tabon da ke gemunsa ya ce, "To, sai a faɗa mini ranar suna in nemo goro."

Barira ba ta ji shi ba. Ta tallafi 'yar da hannu ɗaya ta kai bakinta kan nono, ta riƙe har ta ji ta kama tana ja da ƙarfinta.

"Sha," in ji ta. "Sha ki ƙoshi, akwai. Bana akwai."