Ruwan Ɗumin da Ban Haɗa Ba

Jama'a, wannan ba ji na yi ba, a kaina ya faru, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. Shekaru shida ke nan, lokacin ina aikin famfo a Jidda, ina kwana a unguwar Khumra, kullum na ratsa gari zuwa bakin teku inda masu hali ke ɗaure jiragensu na shaƙatawa. Kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, yana da guda, irin mai tafiya da iska amma da injinsa, kuma mai tuƙa masa wani dattijo ne, Baba Sale, Bahaushe haifaffen Jidda, wanda shi ya riƙe ni tun ban san hanyar kasuwar Bab Makka ba. Idan na ce ba ni da kowa a ƙasar nan sai shi, ban yi ƙarya ba.

Sanyin ƙashi ke damunsa, ruwan sanyi kuwa ya zame masa azaba wajen alwala. Za su yi tafiyar sati biyu, sai kafili ya ce in sa sabon tanki, in ja tiyo biyu daga inji, zafin injin ya riƙa ɗumama ruwan. Har na tsokane shi na ce, "Baba, a Jiddar nan da ƙwai ke dahuwa a kan mota kake neman ruwan zafi?" Ya ce, "Ya waladi, ɗana, bari ka tsufa tukuna."

Ana jibi za su tashi, da rana tsaka, na kafa tanki na haɗa shi da famfo, amma ƙarfen da zai haɗa tiyo da inji bai zo ba. Tanki wayam, inji a kashe. Ban san abin da ya kai hannuna ba, na murɗa famfon. Sai ga ruwa! Ɗumi daidai jiki, ba zafi ba sanyi, yana tashi da ƙamshin ganyen magarya da kafur. Innalillahi! Ni na wanke mahaifina da hannuna a Zariya, na san wannan ƙamshin, ruwan wankan gawa ne. Na ƙwanƙwasa tanki, ya amsa mini kamar garwar da babu komai, na taɓa shi sanyi ƙalau. Na rufe famfo na haye saman jirgin.

Baba Sale na zaune yana gyaran igiya, ya tambaye ni ko an gama. Bakina ya buɗe zan gaya masa, sai ga kafili yana cewa yalla, halas ko ba halas ba, wato an gama ko ba a gama ba? Iƙamata, wato izinin zamana a ƙasar, saura kwana tara ta mutu, takardar na hannunsa, kuma mutum ne da idan ka kawo masa zancen iskoki zai ce ka taɓu, ya mayar da kai gida. Na ce, "Halas." Niyyata in dawo da safe in ƙarasa, in ja Baba gefe in roƙe shi ya fasa tafiyar. Da safen na tarar da gurbin jirgi babu komai, wai iska ta yi kyau sun tashi da wuri.

Bayan kwana goma sha ɗaya wani jirgin kamun kifi ya jawo su. Injinsu ya mutu tun kwana na biyu, iska ta ɗauke, Baba Sale ya yi sallar azahar ya kishingiɗa, shi ke nan. Zafi ya hana su ajiye shi, suka yi masa sutura suka saka shi a teku. Ko kabarin da zan je in nemi gafararsa babu.

Kafili ya rungume ni yana hawaye, ya ce Allah ya saka mini, duk tafiyar famfon nan bai ba da ɗigo ba sai ranar da Baba ya rasu, ya ba su ruwan ɗumi har suka gama wanke shi, sannan ya tsaya. Ni kuwa tiyo biyun suna cikin jakata, ko yanka su ban yi ba.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun sha gaya mini, amma zuciyata ta ƙi saki na. Da na yi magana, ƙila a gaban 'ya'yansa zai cika. An sabunta mini iƙama, ban sake jin daɗin komai a garin nan ba, kuma har yau sai na shinshina ruwa kafin in yi alwala.

Don Allah, idan aka nuna muku abu a kan wanda kuke ƙauna, ku gaya masa a take, ko da za a ce kun taɓu. Kada ku bari sai da safe.