Tunau Maƙeri da Motar Bature

Ku da kuka san Tunau maƙerin garin Isa, kun san ba ya tsoma ƙarfen da ya yi ja a ruwa don ya yi tauri sai ya ɗanɗani ruwan tukuna. Ni mahauci ne, duk wuƙaƙena ƙirarsa ce, kuma ban taɓa ganin ya sake ruwan kwatarniyar nan ba, sai dai ƙari. Baƙi ƙirin, ga wari!

Ran da matarsa Hurera ta zubar da shi, wai ta yi gwaninta, tabarma ya shimfiɗa a ƙofar gida. Na ce, "Tunau, wa ya rasu?"

Ya ce, "Zauna dai ka yi min gaisuwa."

Amma ranar da ya fid da mu kunya ita ce ran da sifirin motar Baturen gyaɗa ya karye a bakin kasuwa, ƙarfen nan mai ɗaukar nauyin mota. Makanikinsa ya gasa wani, ya tsunduma a ruwan sanyi. Ana ɗora buhuna, ƙas! Aka ce a kira Tunau. Bature ya yi dariya, wai mai ƙera fartanya?

Kai, ran Tunau ya ɓaci! Gaban jama'a ya rantse: "In nawa ya karye kafin Sabon Birni, na bar maƙera har abada." Wallahi kuwa Tunau ba ya warware rantsuwa.

Da ƙarfe ya yi ja, sai ya ce a kawo man gyaɗa.

Na ce, "Ruwanka fa?"

"Wanga ƙarfe ɗan gayu ne, sai mai."

Ya tsoma, ya sake ɗumama shi sannu sannu, yana jiran ya yi launin wuyan tattabara. Tafinta ya ce, "Bature ya ce ka yi sauri."

Tunau ya ce, "Ce mishi shi miƙa wa agogonsa guduma shi ƙera."

Aka ɗaura sifirin Tunau, mota ta je Sabon Birni ta dawo, ta wuce Sakkwato da cikakken kaya. Bature ya ce Tunau ya zo ya ba shi aiki can. Tunau ya ce, "Ba inda za ni. A ba ni karyayyen dai."

Da shi ya ƙera min wuƙar nan. Har yau da ita nake yanka, kuma duk sa'ad da na wasa ta sai kewarsa ta kama ni. Allah Ya jiƙan Tunau, Ya sanyaya makwancinsa, shi da ya ƙare rayuwarsa a bakin wuta.