Jirgin da Kakana Ya Ce Shi Ya Haɗa

Jiya ɗan maƙwabciyata ya zazzage ƴan bulon roba a kan siminti, irin masu maƙalewa da juna, ƙarar ta sa ludayi ya suɓuce mini. Kada ka ce tsufa ne, ban kai talatin ba. Kakana na tuna.

Ina shekara tara kawunmu direba ya kawo mana irinsu a ƙauyenmu na bayan Sakajiki. Hoton kumbon ƴan sama jannati ne a jikin kwalin, fari, mai tumbi kamar tulu. Ni da yayana muka haɗa shi, ko in faɗi gaskiya, shi ya haɗa, ni aikina miƙo da shan ranƙwashi. Kaka ko taɓawa bai yi ba. Ya ce jirgin da ba ya kai mutum Makka ɓata lokaci ne.

Daminar shekarar jirgin soja ya fara ratsa samanmu zuwa dajin Zurmi. Sau biyu yayana ya gan shi, ya wargaza kumbon, ya tsuke masa baki, ya karkata fukafukan baya, ya soka eriyar tsohuwar rediyo a wutsiya. Ya ɗora shi kan katanga don hassada ta kashe yaran unguwa.

Ranar cin Kasuwar Daji da hantsi, maza duk sun tafi, sai ga rugugin babura. Inna ta cusa yayana cikin rumbu. Ƴan bindiga uku suka shigo, babbansu ya hango jirgi da eriya. A lokacin, duk wanda suka zarga da kiran soja yanka shi suke yi.

"Da wanga ku ka kiran jirgi? Wa ah haɗa shi?"

"Abin wasa na. Ni niy yi shi," in ji Kaka.

"To tsoho, kwance shi ka mai da, mu gani."

Abin da ke cin raina har yau ke nan. Mutumin da ke saƙa zana ido rufe ya rasa yadda ake ɓamɓare bulo ɗaya, sai murɗawa yake kamar murfin kwalba. Na buɗe baki zan ce masa ya ja, Inna ta toshe mini baki har haƙorina ya fasa leɓe. Suka kife turmi, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kai, suka dinga sauke masa gindin bindiga. Kowane bugu da tambayarsa: wa ya haɗa? Na ji ƙarar ƙashi, na ga jini yana bin turmin da muke daka gero. Taku biyar ne tsakaninsa da rumbun, ko waiwaye bai yi ba. Da suka gaji suka tattake jirgin, suka ga ba batir ba waya, suka kora shanunmu suka fita.

Hannun bai ƙara riƙe hauya ba. Ana sati biyu, yana ɗaure da karan ɗori, ya kira ni da sunan da yake tsokanata.

"Amarya, tsinto abin nan ki koya mani da hagu, ko sun dawo."

Na koya masa ina kuka, yana zagin yatsunsa.

Yayana na nan a Kaura Namoda yana gyaran babura, ƴaƴansa uku. Kaka ya riga mu gidan gaskiya. A da, bayan girbi, yaran ƙauyenmu gasar ƙera jirgi suke yi da karan dawa. Bara na je, na ga motar kara, na ga keke, ban ga jirgi ko ɗaya ba. Iyaye mata ke karya su tun kafin a kafa fiffike na biyu.