Na'urar da Ba Ta Aikin Komai

Magaji ɗan masunci ne a wani ƙauye kusa da Wara, amma ruwa bai karɓe shi ba. Tun yana yaro, da an sa shi a kwalekwale sai amai. Gyaran rediyo ya koya, daga nan waya, daga baya ya je Yelwa ya koyo kwamfuta. Uwarsa ƙawata ce, shi ya sa na san labarinsa.

Da wata ƙungiya ta zo haɗa ƙananan asibitocin bakin tafki da wani likita a Sakkwato, don ya riƙa duba marasa lafiya ta kiran bidiyo, Magaji aka ɗauka. A ɗakin bayan asibitinmu ya kafa na'urori biyu. Ta farko ce ke haɗa kiran duka asibitocin. Ta biyu tana kunne kawai, sai ran da ta farko ta mutu za ta karɓi aikin. Kowacce da baturanta da farantan solarta, shi ya dage a kan haka.

A wurinmu ba a hana aron abin da ba a amfani da shi. Sa'adatu, malamar asibitin, ita ta fara, da baturan firijin allurar rigakafi suka mutu.

"Magaji, waccan ta biyun mi take yi?"

"Jira take yi, Anti."

"Jiran wa? Miji? Ciro min baturan, allurar yara ka lalacewa."

Ya ciro. Bayan ita sai Kawu Sahabi, ƙanin uwarsa, shugaban kwamitin asibitin, ya zo neman farantan solar saboda famfon ruwan sha ya tsaya.

"Kawu, in ta farkon ta ƙone fa?"

"Allah shi kiyaye, kai dai ba ka da fata mai kyau. Mutane ka shan ruwan tafki, kai kana ciyar da akwati da rana."

Babu wanda ya ɗauki komai ya kai gidansa. Magaji ya kai ƙorafi ga ƙungiyar, aka ce za a duba.

A lokacin akwai Sule, masunci mai ciwon suga, wanda ƙayar kifi ta soke a tafin ƙafa. Duk Alhamis likita yakan duba ciwon ta bidiyo. Ya gaya masa in ya ga wurin ya fara baƙi zai ce ya taho Sakkwato nan take, in ba haka ba ƙafar za ta tafi. Sule ya riƙe maganar nan fiye da kima.

Da damina ta kankama, tsawa ta ƙone na'ura ta farko, har da baturanta da farantanta. Ta biyu lafiyarta ƙalau, wuta ce babu. Magaji ya je wurin Sa'adatu, ta buɗe masa firijin cike da allura, ta tsaya tana kallonsa. Ya je famfo, ya tarar da mata a layi da jarkoki. Ya dawo hannu wofi.

Ƙafar Sule ta fara wari. Magaji ya ɗauki hotonta da wayarsa, ya hau tudun da ake samun sabis ya tura. Likita ya aiko da saƙon murya ya ce a kawo shi yau, Magaji ya sauko da saƙon. Aka kara wa Sule wayar a kunne, ya saurara, ya miƙo ta.

"Wagga murya ce kawai. Ni wanda ka kallon ƙafata ido da ido nika so. Injiniya, kunna muna akwatinka."

"Baba Sule, ba wuta."

"To mu jira wutar."

Matarsa ta yi magana, ni ma na yi, liman ya yi. Sule ya ce ba zai bar komarsa ta kamun kifi cikin damina ya tafi Sakkwato a kan hoto ba.

Sai da zazzaɓi ya kayar da shi, ya daina gardama, aka sa shi a mota. Magaji ne ya riƙe ƙafar a cinyarsa har Sakkwato. An yanke ta ƙasan gwiwa.

Yanzu Sule yana zama a ƙofar gidansa yana ɗinke wa mutane koma. Bai taɓa zargin kowa ba. In ya hango Magaji sai ya ɗaga hannu ya ce, "Injiniya, ina gajiya?" Magaji yakan durƙusa ya gaishe shi. Na lura dai kwanan nan ta bayan kasuwa yake zagayawa in zai tafi aiki.